Daga Bakin Magudana Zuwa Kujerar Manaja: Darasi Daga Kadawa

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da zai gama sakandare yana burin zama ƙaramin ma'aikaci. Idan aka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, za a ji manaja, darakta, babban injiniya, shugaban banki. Wannan buri ne mai kyau, ba mu kuwa so kowa ya rage nasa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato ta wace ƙofa ake shiga? Yawancinku, ko bayan kun gama jami'a, aikin da za a fara ba ku shi ne na akawu, ko riƙe littafin sito, ko auna kaya a sikeli, ko bin gonaki da takarda a hannu. Waɗansu za su karɓa suna gunaguni, suna ƙirga kwanakin da za su tsere. Waɗansu ma za su ƙi karɓa, su zauna a gida shekara biyu ko uku suna jiran aikin da ya dace da iliminsu, har takardar shaida ta tsufa a akwati.

A cikin wannan nazari muna so mu nuna cewa akwai ilimin shugabanci da ba a samunsa sai a ƙaramin aiki, kuma wanda ya tsallake wannan mataki yakan biya bashinsa daga baya, sau da yawa da dukiyar waɗansu. Za mu ɗauki misalinmu daga Kadawa, inda ake noman rani a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta Jihar Kano, gama a can ana iya ganin wannan magana da ido.

Yadda ruwa yake zuwa Kadawa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu zai ga abin mamaki. Ko'ina ya bushe, ciyawa ta ƙone, amma da ya iso wajen Kura da Kadawa sai ya ga ƙasa kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. A lokacin da aka gina shi, tafkin Tiga yana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Kafin a gama Tiga an fara gwada noman a Kadawa da ruwan ƙaramar madatsar Bagauda. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin kuwa ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, mai hedikwata a Kano. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da wajen hekta 22,000.

Abin lura a nan shi ne, ba inji ne yake tura ruwan ba. Gangara kawai yake bi. Yana fitowa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar magudana, sa'an nan ya rabu biyu, reshen yamma da reshen gabas. Daga rassan nan yake shiga matsakaitan magudanai, daga su kuma zuwa ƙananan da suke bin gefen gonaki, inda manomi yake jawo shi zuwa cikin fangali. Tun da babbar magudana tana gudu dare da rana, manoma kuwa da rana suka fi ban ruwa, sai aka haƙa ƙananan tafkuna inda ruwan dare yake taruwa, a sake shi da safe.

A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa a sauke. Wato ke nan, tsakanin Tiga da tushen tumatir ɗaya, ruwa yana bi ta hannun mutane da yawa, kuma mafi yawansu ƙananan ma'aikata ne.

Hannayen da ruwan yake bi

Bari mu lissafa waɗansu daga cikinsu. Akwai mai kula da ƙofar ruwa, wanda yake ɗaga ta gwargwadon umarnin da aka ba shi. Akwai mai duba ma'auni, wanda yake rubuta tsayin ruwa safe da yamma. Akwai leburori masu yashe laka da sare kacala, da helumansu. Akwai malamin gona mai zagaya manoma yana ba su shawara a kan iri da taki da maganin ƙwari. Akwai akawu mai karɓar kuɗin ruwa yana ba da rasit, da mai sito, da direban tarakta, da makaniki. A tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda take ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, akwai masu ƙirga tsiro da auna amfanin kowane ɗan filin gwaji, waɗanda duk binciken manyan masana yake dogara ga alƙaluman da suka rubuta.

A can sama kuma akwai manaja. Shi ba ya ɗaga ƙofa, ba ya yashe laka. Aikinsa shi ne ya yanke shawara: wane sashe ne zai sha ruwa a wace rana, wace magudana za a fara gyarawa da ɗan kuɗin da ake da shi, wa za a ɗauka aiki, wa za a tsawata wa. Duk abin da ya sani game da filin, ta bakin waɗancan ƙananan ma'aikata da takardunsu yake zuwa masa. Duk abin da ya umarta kuma, da hannunsu ake aikata shi. Saboda haka manajan da bai taɓa tsayawa inda suke tsayawa ba yana kama da makahon da bai san halin ɗan jagoransa ba. Ga darussa huɗu da ƙaramin aiki yake koyarwa.

Darasi na farko: abin da takarda ba ta faɗa

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan muna so mu ba ta ruwa mai zurfin santimita 5, muna bukatar lita 500,000. A ce, alal misali, ƙaramar magudana tana kawo lita 30 a kowane sakan. Idan muka raba 500,000 da 30, za mu sami sakan 16,667, wato wajen awa 4 da minti 38. A yini mai awa 12 ke nan za a iya shayar da hekta biyu da rabi. Da irin wannan lissafi ake tsara jadawalin ban ruwa a ofis, lissafin kuwa daidai ne.

To, amma a ce laka ta taru a gindin magudanar, kacala ta cika gefenta, ɓeraye sun huda bangonta, wani kuma can sama ya datse ta da buhunan ƙasa don ya cika gonarsa. Ruwan da yake isowa ya koma lita 15. Yanzu hekta ɗaya tana cin fiye da awa 9, abin da za a shayar a yini kuwa bai wuce hekta ɗaya da 'yan kai ba. Manomi na biyu da na uku a layi sun rasa ranarsu. Jadawalin da yake manne a bangon ofis bai canza ba, rahoton mako kuma yana iya cewa an buɗe ƙofa a kan lokaci, kuma gaskiya ne an buɗe ta. Amma tumatirin da yake ƙarshen magudana yana yaushi.

Wanda ya taɓa yin shekara yana duba ma'auni ya san wannan a jikinsa. Ya san ma'aunin da lambobinsa suka goge. Ya san cewa idan littafi ya nuna lamba iri ɗaya kwana goma a jere, mai yiwuwa a gindin bishiya aka cika shi. Ya san nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da daɗewar da mutum zai yi a kan keke kafin ya zagaye su, don haka ba zai ba mutum ɗaya aikin mutum uku ba sa'an nan ya yi mamakin rahoton ƙarya. Sa'ad da ya zama manaja, takarda ba ta ruɗe shi, domin ya san yadda ake yin ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasi na biyu: kalandar manomi

Sa'ad da aka tsara noman rani a Arewa a shekarun 1970, alkama ce babban abin da gwamnati ta sa a gaba, domin ƙasar tana kashe kuɗi masu yawa wajen sayo ta daga waje don yin burodi. Alkama kuwa 'yar sanyi ce. Ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi girma cikin hunturu, ta cika ƙwaya kafin zafin watan Maris. Idan aka makara, zafi ya same ta tana fure ko tana cika ido, sai amfanin ya ragu ƙwarai.

A takarda wannan abu ne mai sauƙi: manomi ya girbe amfanin damina, a gyara ƙasa, a shuka alkama. Amma abincin gidan manomin Kano a lokacin dawa ce, irin dawarmu ta gargajiya kuwa ba ta isa girbi sai cikin Nuwamba ko Disamba. Wato lokacin da ake so alkama ta shiga ƙasa, dawa tana tsaye a gonar. Manomi ba zai sare tuwon iyalinsa na shekara ba don amfanin da bai tabbatar da farashinsa ba. Ga shi kuma yana bukatar karan dawa don danni da rufi da abincin dabbobi. Bugu da ƙari, ko ya share gonar, sai ya jira layin tarakta, wanda kowa yake nema a mako guda. Masu bincike sun rubuta irin waɗannan matsaloli, cikinsu har da Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, waɗanda suka fitar da littafi a kan alkama da burodi a Nijeriya a 1985. A ƙarshe manoma suka bi abin da ya fi musu amfani: shinkafa ta mamaye damina, har Kura ta zama cibiyar casar shinkafa da cinikinta, da rani kuma tumatir da albasa da masara suka shiga gasa da alkama.

Waɗanda suka tsara aikin masu ilimi ne, gininsu kuwa yana nan yana ciyar da dubban gidaje. Amma wannan karo tsakanin dawa da alkama abu ne da kowane ƙaramin malamin gona da ya yi kaka ɗaya a ƙauye zai iya faɗa. Darasin shi ne, mutanen da ake tsara wa abu suna da dalilansu. Sa'ad da suka ƙi bin umarni, manajan da bai zauna da su ba yakan ce taurin kai ne ko jahilci. Wanda ya zauna da su yakan tambayi dalili tukuna, sau da yawa kuwa yakan tarar lissafinsu ya fi nasa.

Darasi na uku: mutane da amana

A duk inda ake raba ruwa ta magudana a duniya, akwai rigima tsakanin na sama da na ƙasa. Na kusa da ƙofa yana sha har ya yi ɓarna, na ƙarshe yana jiran ragowa. A nan ne ƙaramin ma'aikaci yake fara haɗuwa da jarrabawar da ba a yi a aji. Wani mai hali zai zo ya ce a bar masa ƙofa a buɗe da dare, ga kwandon tumatir na yara. Wani dattijo da ya haifi kamarsa zai zo yana roƙo, amfaninsa yana mutuwa, amma ba ranarsa ba ce. Dole saurayin nan ya koyi yadda ake cewa a'a ba tare da cin mutunci ba, da yadda ake kai kukan mai gaskiya gaba, da lokacin da ya kamata a nemi mai unguwa ko sarkin noma ya sa baki.

Wannan darasi ya ƙara muhimmanci a 'yan shekarun nan. A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani babban shiri na gyara noman rani a Arewacin Nijeriya, wanda ake kira TRIMING, aikin Kogin Kano kuwa yana cikin wuraren da ya shafa, tare da na Kwarin Haɗejiya da na Bakolori. Ban da gyaran magudanai, babban abin da shirin ya sa a gaba shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, don su riƙa tara kuɗin ruwa, su kula da ƙananan magudanai da kansu. Ma'anar wannan ita ce, shugaban irin wannan aiki ba zai dogara ga ba da umarni kaɗai ba. Sai ya zauna a taro da manoma, ya saurare su, ya rinjaye su su biya, ya kuma nuna musu inda kuɗinsu ya tafi. Manomi kuwa da jin tambayoyin mutum yakan gane ko ya taɓa shiga laka.

Haka abin yake tsakanin manaja da ma'aikatansa. Leburan da ya san cewa maigidansa ya taɓa riƙe shebur yakan yi masa aiki da zuciya ɗaya, yakan kuma ji nauyin yi masa ƙarya. Manajan da kansa yakan san abin da yake damun na ƙasa: albashin da ya makara, rashin takalmin roba a ruwan da ake ɗaukar cutar tsargiya, umarnin da ake canzawa sau uku a yini. Wanda aka taɓa tsayar da shi a rana yana jiran sa hannu ba ya son tsayar da wani.

Har wa yau, a ƙaramin aiki ne ake gina suna. Wanda ya riƙe rasit na naira dubu kaɗan shekara biyu ba a sami giɓi ba, shi za a tuna ranar da ake neman mai riƙe miliyoyi. Manya suna kallo ko da ba su yi magana ba.

Darasi na huɗu: sikeli da kwando

A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka tsara ta iya niƙa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. Ba a daɗe ba ta dakatar da aiki saboda ƙarancin tumatir, gama a wannan shekara ce tsutsar nan mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Ko a shekarar da babu annoba ma, duk mai masana'antar sarrafa amfanin gona yana fama da wata matsala. Sa'ad da tumatir ya yi yawa, manoma suna rububin kawo masa. Sa'ad da ya yi ƙaranci, dillalan da suke loda motoci zuwa Kudu daga kasuwa irin ta Kwanar Gafan suna ba da farashin da ya fi nasa, kuma kuɗi hannu.

Injin da ya fi kowane kyau ba shi da amfani idan kaya ba su iso ƙofa ba. Wa ya san ko za su iso? Yaron da yake tsaye a bakin sikeli ya sani. Shi yake jin abin da direbobi suke faɗa a kan farashin kasuwa. Shi yake ganin kwandon da aka yi wa ado a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa. Ya san awa nawa mota take jira a rana kafin a sauke ta, da abin da wannan jira yake yi wa tumatir. Malamin gonar da yake zagayawa kuma shi ne zai fara ganin zane-zanen tsutsa a jikin ganye, makonni kafin labari ya kai ofis. Idan ɗayansu ya zama manajan saye wata rana, zai san cewa yarjejeniyar da aka sa wa hannu da manomi ba ta tsayawa sai da farashi mai adalci da biya a kan lokaci.

Waɗanda suka fara daga ƙasa

Ba sai mun je nesa ba. Audu Bako, wanda a zamaninsa aka gina Bagauda da Tiga, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ya yi ta hawa mataki mataki har shekara 25 kafin a naɗa shi gwamnan sabuwar Jihar Kano a 1967. Ya yi mulki har 1975, kuma har yau ana tunawa da shi a kan ayyukan ruwa da noma.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ba nisa da Tiga, a 1877, ya rasa mahaifinsa tun yana yaro. Ya koyi ciniki ne a kan hanyar fatauci ta Gwanja, inda ake sayo goro, yana ganin yadda ake ɗaure kaya, da yadda ake cin bashi a biya, da yadda ake gane mai amana. Sa'ad da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa, ya riga ya san hanyoyi da mutane. Da ya rasu a 1955 ana lissafta shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

A ƙasashen waje kuma akwai Norman Borlaug, Ba'amurke masanin alkama, wanda ya tashi yana aiki a gonar iyayensa. Ko bayan ya sami digirin dakta, da ya je Meziko a 1944, a cikin gona yake yini yana haɗa irin alkama da hannunsa, kuma haka ya horar da matasan masana da suka zo koyo wurinsa. An ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Shirin Sasakawa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya fara aiki a Nijeriya a 1992, hanyarsa kuwa ita ce malamin gona ya yi gwaji tare da manomi a gonar manomin.

Gargaɗi da shawara

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce ƙaramin aiki yana mai da kowa manaja ba. Akwai mutanen da suka yi shekara 30 a bakin ƙofa ɗaya suka yi ritaya a nan, waɗansu don ba su sami zarafin karatu ba, waɗansu don ba a yi musu adalci ba. Wanda ya san laka amma bai san lissafin ruwa da na kuɗi ba, ba zai iya tsara aikin hekta dubbai ba. Ilimin aji da ilimin fili kamar ƙafa biyu ne. Saboda haka ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, ku riƙe karatu da kyau, musamman lissafi da kimiyyar noma da rubutu, gama manaja kullum cikin alƙaluma da rahoto yake.

Na biyu, kada ku raina damar koyon aiki. Tun 1973 akwai shirin SIWES, wanda yake tura ɗaliban manyan makarantu su yi watanni a wurin aiki na gaske, haka kuma bautar ƙasa, wadda ita ma aka fara a 1973. Waɗansu suna neman wanda zai sa musu hannu a littafi su koma gida. Wanda ya yi haka kansa ya cuta. Ko hutun ƙarshen zango ma, wanda ya taya kawunsa riƙe littafin shago ko na injin casa ya fara.

Na uku, ku riƙe ɗan littafi. Ku rubuta abin da kuka ga yana lalacewa, da dalilinsa, da abin da za ku yi da ku ne da iko. Bayan shekara za ku ga waɗansu amsoshinku sun canza, wannan kuwa shi ne alamar koyo.

Na huɗu, ku girmama tsofaffin ma'aikata ko da ba su yi boko ba. Ku kira su Baba ko Malam, ku tambaye su. Tsohon mai ƙofa yana iya gane yawan ruwa daga ƙararsa, ba zai kuwa koya wa mai girman kai ba.

Na biyar, ku leƙa aikin maƙwabcinku. Mai sikeli ya koyi yadda akawu yake rufe littafi, akawu ya bi malamin gona zagaye. Shugaba shi ne wanda ya ga yadda sassa suke haɗuwa.

Na shida, ku sa wa kanku lokaci. Idan kun ƙware a mataki, ku nemi ƙarin karatu ko ƙarin nauyi. Da rarrafe yaro kan tashi, amma ba a so ya dawwama yana rarrafe.

Kammalawa

Mun ga cewa ruwan Tiga ba ya isa gona sai ya bi ta hannun ƙananan ma'aikata, haka kuma labarin gona ba ya isa ofis sai ta hannunsu. Wanda ya yi aiki a cikinsu yana koyon karanta rahoto da idon wanda ya san yadda ake rubuta shi, yana koyon dalilan manoma, yana koyon riƙon amana da zama da mutane, yana kuma koyon inda riba da hasara suke farawa. Ƙasarmu ta kashe dukiya mai yawa wajen gina madatsun ruwa da masana'antu, abin da suke bukata yanzu shi ne masu riƙe su da sani da gaskiya. Muna fata daga cikinku za a sami irin waɗannan. Idan aka ba ku ƙaramin aiki, ku karɓa da hannu biyu, ku yi shi kamar ba za a ba ku wani ba, ku kuma buɗe ido.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana hanyar da ruwa yake bi daga Tiga zuwa gonar manomi a Kadawa. Me ya sa aka haƙa tafkunan tara ruwan dare?

2. Idan magudana tana kawo lita 20 a sakan, awa nawa za a ɗauka kafin a ba hekta ɗaya ruwa mai zurfin santimita 5?

3. Me ya sa noman dawa da damina yake iya kawo cikas ga noman alkama da rani?

4. Kai ne mai kula da ƙofar ruwa, wani babban mutum ya nemi ka ba shi ruwa a ranar da ba tasa ba. Me za ka faɗa masa, kuma wa za ka sanar?

5. Zaɓi wani wurin aiki a garinku, kamar asibiti ko tashar mota ko makaranta. Lissafa ƙananan ayyuka uku da ake yi a wurin, ka faɗi abin da kowannensu zai koya wa mai son shugabantar wurin.